Tambayi Injiniya: An gyara titin da bai mutu ba, an bar namu cikin ramuka

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan titi suke da kuɗin ƙaramar hukuma. Na yi shekaru a sashen ayyuka kafin na yi ritaya, na kuma zauna a tarukan da ake tsara kasafi, saboda haka zan amsa da abin da na sani na aikin da abin da idona ya gani. Na gajarta wasu wasiƙun, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Titin unguwarmu ya daɗe da mutuwa, ramuka ne tun daga farkonsa har ƙarshe, da damina ma abokan aikina ba sa yarda su shigo. Watan jiya sai ga ma'aikata sun zo sun sake shimfiɗa kwalta a titin da ke bayanmu, wanda ko rami ɗaya babu a kansa, 'yan tsage-tsage ne kawai. Wannan ba son kai ba ne?
Daga wani direban tasi

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Zai iya zama son kai, kuma zan gaya maka yadda za ka gane. Amma bari in fara da abin da na san ba zai yi maka daɗin ji ba: idan an bi ƙa'ida, taɓa titin da ya fara tsagewa kafin a zo kan wanda ya riga ya mutu aiki ne na hankali.

Titin kwalta ba ya tsufa kaɗan-kaɗan yadda mutane ke zato. Yakan yi shekaru yana nan sumul, alhali rana tana ta busar da baƙin man da ya riƙe tsakuwar. Da man ya bushe sai saman ya fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren titi kuwa shi ne ruwa. Ya bi tsagar ya sauka, ya jiƙa daɓen tsakuwa da ƙasar da ke ƙarƙashi. Ƙasa ta yi laushi, mota ta taka, kwalta ta lotsa ta farfashe, taya ta kwashe gutsattsarin, rami ya buɗe. Ramin ya tara ruwa ya ƙara jiƙa inda ke kusa da shi. Daga nan abin ba ya jira, titin da ya daɗe lafiya sai ya tashi aiki a damina ɗaya ko biyu. John McAdam, ɗan Sikotland ɗin nan da ya sauya yadda ake gina hanya a Birtaniya wajen shekarar 1820, a kan wannan ya tsaya: ƙasar da ke ƙarƙashi ita ke ɗaukar nauyin, kuma za ta ɗauka muddin an hana ta jiƙewa. Yau shekara ɗari biyu ke nan, maganar ba ta canza ba.

Titin da ke bayanku yana bakin wannan gaɓar ne. Abin da yake bukata shi ne a like tsagar, a ɗora siririyar shimfiɗa a sama. Naku kuwa sai an farke shi baki ɗaya, an kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa, an zubo sabuwa, an daɓe ta hawa-hawa, sannan a kawo kwalta. Kuɗin da zai tayar da kilomita ɗaya irin naku zai ceci kilomita da yawa irin wancan. A shekarar 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto a kan hanyoyin ƙasashe masu tasowa guda 85, ya ƙiyasta cewa cikin shekara 20 an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 saboda rashin kulawa, alhali gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hana wannan asarar. Hukumar da ta ce kullum daga titin da ya fi muni za ta fara, kuɗinta za su ƙare a tituna biyu ko uku, kafin ta waiwayo waɗanda ke da sauran rai sun bi sahu.

Sai dai ni ban yarda wannan lissafin ya zama hujjar yasar da ku ba. Ku ma kuna biyan haraji, mai naƙuda a unguwarku ma tana bukatar mota ta iso ƙofar gida. Abin da ya dace shi ne a raba kuɗin titi gida biyu, kaso mafi tsoka ya tafi wajen riƙe titunan da ke da rai, wani kaso kuma a keɓe shi kowace shekara don tayar da matattu, bi da bi, bisa jerin da kowa zai iya gani. Kafin layi ya zo kanku, a kawo greda ta baje, a zuba burji, a buɗe wa ruwa hanya. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma rashin yin sa sakaci ne.

Yadda za ka gane ko son kai ne: je sashen ayyuka ka nemi jerin titunan da aka duba. Akwai ma'aunin da injiniyoyin rundunar sojan Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1970, wanda ke ba kowane titi maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsaga da rami da lotsawar da ke jikinsa, kuma birane da yawa a duniya da shi ko da irinsa suke aiki. Ko hukumarku ba ta amfani da shi, dole a ce tana da wata takarda da ta nuna yaushe aka duba titi, me aka tarar, motoci nawa ke bin sa, akwai makaranta ko asibiti a kansa ko babu. Idan suka fito maka da ita ka ga titin bayanku ya cancanta, ka tambayi lambar naku a layi. Idan kuwa aka ce babu irin wannan takardar, to da ra'ayin wani aka zaɓi titin, kuma zarginka yana da tushe.

Tambaya: Baba, shekara uku a jere ina ganin sunan titinmu a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, amma ko tifa ɗaya ta yashi ba a sauke ba. An cinye kuɗin ke nan?
Daga wata ma'aikaciyar jinya

Amsa: 'Yata, kin yi abin da mutane kaɗan ke yi, kin buɗe kasafin kin karanta. Allah ya yi miki albarka. Amma kasafi ba kuɗi ne a aljihu ba. Ƙiyasi ne na abin da ake sa ran zai shigo, tare da izinin da kansiloli suka ba wa shugaba ya kashe har zuwa adadi kaza a kan abu kaza. Tsakanin sunan titinku a takarda da zuwan tifa akwai matakai: kuɗin su shigo, ma'aji ya sake su, a zana aikin, a tallata kwangila, a ba da ita. A kowane mataki aiki na iya maƙalewa ba tare da an saci komai ba, haka kuma a kowane mataki ana iya sata.

Kasafi kashi biyu ne. Akwai na yau da kullum, wato albashi, fansho, man motoci, kwashe shara, biyan bashi. Akwai na manyan ayyuka, inda sabon titi yake. Idan kuɗin shiga suka gaza, na yau da kullum ake fara biya, don ba a iya ce wa ma'aikaci ya jira baɗi. Manyan ayyuka su ke ɗaukar gibin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haifar da gibin tun a teburin taro. Na sha ganin an lissafa ayyukan da kowane kansila ya kawo, aka tarar sun fi ƙarfin abin da zai shigo, maimakon a zauna a yi zaɓi mai ɗaci sai a kumbura ƙiyasin haraji har lissafin ya daidaita a takarda. Kowa ya koma mazaɓarsa ya ce ya sa titinsu a kasafi. Ranar da kuɗi suka gaza, zaɓin da aka ƙi yi a bainar jama'a sai mutum biyu ko uku su yi shi a ofis. Wata dabarar kuma ita ce a rubuta sunan aikin a sa masa ɗan abin da ko kwalbati ɗaya ba zai gina ba, don dai sunan ya bayyana.

Saboda haka ki duba abu uku. Nawa aka sa wa titin, kuma ya yi kusa da abin da aikin zai ci? Nawa hukumar ta ƙiyasta za ta samu bara, nawa ta samu a zahiri? Sannan ki nemi rahoton aiwatar da kasafi, wanda ke nuna abin da aka kashe a kowane layi, da rahoton mai binciken kuɗi. Idan rahoton ya nuna ba a saki komai ba, matsalarku alkawarin da ba a cika ba ne, a gaban kansila za ku kai ƙorafi. Idan ya nuna an saki kuɗi an biya ɗan kwangila alhali titi na nan yadda yake, wannan ya zama maganar hukumomin bincike, kuma takardar nan ita ce shaidarku.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. An yi mana sabon titi, murna ba ta gama sauka ba ya fara ɓarewa, bai cika shekara ba. Ɗan kwangila ya ce laifin manyan motoci ne da ke ratsowa ta unguwar. Gaskiya ne, ko kare kansa yake yi?
Daga wani dattijo, shugaban kwamitin unguwa

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta wanke shi ba.

Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a Ottawa ta jihar Illinois a Amurka. An gina tituna masu kauri daban-daban, aka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana, ana auna lalacewa. Abin da aka gano shi ne ɓarnar ba ta tafiya daidai da nauyi, tana ninkawa ne fiye da kima. Idan nauyin da ke kan jerin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka kamar sau 16. Ko lodin da ya wuce ƙa'ida da kashi 20 cikin ɗari kawai, ɓarnarsa ta kai ninki biyu. Shi ya sa tirela ɗaya mai lodin wuce kima take yi wa titin unguwa abin da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba.

To amma waɗannan manyan motocin, jiya suka fara bi ta wurin? Idan da ma suna bi, wajibin wanda ya zana aikin ne ya ƙirga su ya ba titin kaurin da zai ɗauke su, ko hukuma ta hana su bi ta sa shinge. Titin kwalta akan zana shi ne ya yi shekara 15 zuwa 20. Wanda ya ɓare kafin shekara, galibi ɗayan uku ne: ba a daɓe ƙasar yadda ya kamata ba, an rage kaurin kwalta, ko ruwa bai samu mafita ba. Ku fita bayan an ɗauke ruwan sama ku duba. Tsakiyar titi ya kamata ta ɗan yi doro, ta gangara gefe da kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ruwa ya zube a lambatu, lambatun kuma ya kai shi wani wuri. Inda kuka ga ruwa ya kwanta a kan kwalta, nan ne za ta fara tashi.

Kada ku ɓata lokaci, Alhaji, don lokaci ne makaminku. Kwangilar titi akan sa mata wa'adin gyaran aibi, galibi shekara ɗaya bayan miƙa aiki, kuma hukuma takan riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila har wa'adin ya cika. Duk abin da ya lalace a ciki saboda rashin ingancin aiki, shi zai gyara da kuɗinsa. Ku rubuta wa shugaban sashen ayyuka yanzu, da hotuna masu kwanan wata, ku nemi kada a saki ragowar kuɗin sai an huda titin an ciro guntu an auna kaurinsa, an gwada da abin da aka rubuta a kwangila. Da zarar wa'adin ya cika an sa hannu a takardar kammalawa ta ƙarshe, gyaran ya dawo kan kuɗin jama'a.

Tambaya: Baba Injiniya, tun da aka gyara titin gaban makarantarmu motoci suka ƙara gudu. Mun roƙi a sa tudun rage gudu an ce babu a kasafi. Mu haɗa kuɗi mu gina da kanmu?
Daga wata malamar firamare

Amsa: Malama, kada ku gina da kanku. Tudun da aka yi ba awo, ba fenti, ba alamar gargaɗi, da dare shi ne zai kayar da mai babur, kuma alhakin zai hau kanku. Amma damuwarki a kan hanya take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Taron ministoci da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa a wuraren da mutane da motoci ke cuɗanya. Ƙofar makaranta tana sahun farko a irin waɗannan wuraren.

Titin da aka gyara a gaban makaranta ba a yi wa yara wurin tsallakawa ba, aikinsa bai kammala ba. Tudu da fenti da allo ƙaramin aiki ne, ana iya fitar da shi daga kuɗin gyare-gyare ba sai an jira sabon kasafi ba. Shugabar makaranta da ƙungiyar iyaye su rubuta tare, su ambaci layin kuɗin gyare-gyaren da ke cikin kasafi da sunansa.

Tambaya: Hukumarmu na son cin bashi ta yi tituna da yawa lokaci guda. Ni ina ganin bashi masifa ne. Me ka gani, Injiniya?
Daga wani ɗan fansho

Amsa: Yaya, ba kowane bashi ne masifa ba. Titin da zai yi shekara 20 ana morarsa, babu zalunci idan masu morarsa a shekarun nan suka raba biyansa. Sharaɗina biyu ne. Wa'adin bashin kada ya wuce rayuwar titin, kuma a nuna a rubuce inda kuɗin kula da sababbin titunan za su fito bayan an cire biyan bashi. Kowane kilomita da aka ƙara nauyi ne na kowace shekara: yashe lambatu, like tsaga, faci, fitilu. Wannan layin na kula da titi a kasafi ne na sha ganin an fara yankewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, saboda ba a tara jama'a a yi biki don an yashe kwalbati, kuma illar yankewar ba ta bayyana sai bayan wanda ya yanke ya bar kujera.

Birnin Detroit na Amurka ya shigar da takardar karyewar arziki a watan Yulin 2013 da bashin kimanin dala biliyan 18. Ba titi ne ya jefa shi ciki ba, raguwar jama'a da masana'antu da nauyin fansho ne, amma abin da mazauna suka gani a ƙofar gidajensu shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun kan titi ba sa kamawa. Idan biyan bashi ya cinye kuɗin yau da kullum, ƙananan ayyuka ne ke fara mutuwa. Ka tambayi kansilanku kashi nawa na kuɗin shiga zai riƙa tafiya wajen biyan wannan bashin. In bai sani ba, bai kamata ya ɗaga hannu ba tukuna.

Tambaya: Baba, mu matasa ne, mun gaji da ƙorafi a Facebook. Akwai inda talaka ke da ta cewa a kasafi, ko sai dai mu ji an karanta?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Akwai, jikana. A 1989 birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, a zamanin magajin gari Olívio Dutra, ya fara tsarin da mazauna kowane yanki ke taruwa su jera bukatunsu, su zaɓi wakilai, a ɗora manyan ayyukan shekara a kan abin da suka fifita. Shimfiɗa titi da magudanar ƙazanta suna cikin abin da unguwannin talakawa suka fi nema. Tsarin ya bazu. A 2009 wani kansila a Chicago, Joe Moore, ya miƙa wa mutanen mazaɓarsa zaɓin yadda za a kashe sama da dala miliyan 1 na ayyukan mazaɓar. A 2014 birnin Paris ya keɓe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin manyan ayyukansa don mazauna su kaɗa ƙuri'a a kai. Ka kuma san cewa a Porto Alegre ɗin kanta ayyukan da jama'a suka zaɓa sun riƙa taruwa ba a yi ba, har aka dakatar da tarukan a 2017. Idan mutane suka zaɓa ba a saki kuɗi ba, daina zuwa suke yi. In za ku nemi irin wannan tsarin, ku nema tare da kaso tsayayye da rahoton abin da aka aiwatar.

Kafin a kai can, akwai abin da za ku iya yi bana. Ranar da aka karanta kasafi an riga an gama magana. Watanni kafin sabuwar shekarar kuɗi ta kama ake umartar kowane sashe ya kawo ƙiyasinsa, a lokacin ne injiniya ke zaune yana jera tituna, a lokacin ne kuma takardarku za ta yi tasiri. Ku tambayi sakataren hukuma yaushe ake wannan, da ranar da kansiloli za su zauna a kai, ku je ku zauna a zauren.

Takardar da ta ce "muna roƙon a duba mana titinmu" a ƙasan fayil take kwana. Ku auna tsawon titin da faɗinsa da mita. Ku nuna inda ruwa ke kwanciya da inda ya kamata ya fita, da hotuna bayan ruwan sama. Ku tsaya awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, ku ƙirga motoci da babura da manyan motoci daban-daban. Ku faɗi makaranta ko asibitin da ke kansa. Ku tambayi hukumar ruwa da ta lantarki ko suna da niyyar haƙa a wurin, don kada a shimfiɗa kwalta bana a farke ta baɗi. Idan kun san kuɗin titin gaba ɗaya ya fi ƙarfin hukuma a shekara guda, ku raba shi da kanku: bana lambatu da kwalbati da burji, baɗi kwalta. Ku miƙa a ofishin sakatare a buga muku hatimi a kwafinku, ku ba kansila ɗaya, shugaban sashen ayyuka ɗaya. A ranar zaman kuma, bayan kun yi maganar titinku, ɗayanku ya tashi ya tambayi nawa aka sa wa kula da titunan da ake da su, da nawa aka kashe a kan hakan bara.